Zobe Na Nan Kusa, Mu Ne Muka Yi Nisa

Wani dare da aka ɗauke wuta a ɗakin kwananmu, abokin zamana ya miƙo mani wayarshi ya ce, "Malam, dubi inda mutane ke rayuwa." Bidiyo ne na wani gari mai suna Queenstown a ƙasar Niyu Zilan. Ga tafki shuɗi shar, ga duwatsu masu ƙanƙara a kansu sun kewaye shi. Wasu na tseren jirgin ruwa, wasu na hawan dutse da keke, wani ma an ɗaure mashi igiya a ƙafa ya faɗo daga kan gada yana ihu. Da yamma kuma sun zauna bakin ruwa, an jera masu abinci da kofunan giyar inabi. Muka kalla har sau biyu, ya yi tsaki ya ce, "Mu dai an haife mu a inda babu wurin zuwa."

Na tambaye shi ko ya taɓa zuwa Zobe. Ya ce wane Zobe? Na ce madatsar ruwan Dutsin-Ma. Ya yi dariya har da riƙe ciki, wai yana mani maganar Niyu Zilan ina mashi maganar dam. Wannan dariyar ce ta sa na ɗauki biro. Mutumin nan haifaffen jihar nan ne, yana shekararshi ta biyu a HND, ya san sunan tafkin da ke can ƙarshen duniya, amma bai taɓa taka bakin ruwan da bai fi tafiyar awa ɗaya da 'yan mintoci daga Katsina ba. Na kuma san ba shi kaɗai ba ne. In an yi ƙuri'a a ɗakin lakca, waɗanda suka taɓa ganin Zobe da idonsu ba za su cika benci biyu ba.

Ra'ayina a taƙaice shi ne: ziyarar buɗe ido ta gaba da ƙungiyarmu ta ɗalibai za ta shirya, a kai ta Dutsin-Ma, a bi ta Kurfi, a yini a bakin Zobe. Na san akwai masu jin wannan magana su ce na zautu. Ku ba ni dama in faɗi abin da na gani, sannan mu zo kan abin da kuke tsoro, don ni ma ina tsoronshi.

Mahaifiyata 'yar Kurfi ce. A hutun da ya wuce, cikin sanyin Janairu, na je gaida kakata, sai kawuna ya ce in raka shi kasuwar Dutsin-Ma tunda ranar Laraba ce. Muka hau babur ɗinshi da hantsi. Duk wanda ya bi hanyar nan ya san yadda ƙasar take: fili ne shimfiɗe, gonakin gero da dawa an girbe sai karan, can kuma sai ka ga dutse ya taso shi kaɗai kamar an ajiye shi. Garin Dutsin-Ma kanshi daga dutse ya samo suna. Labarin da ake bayarwa shi ne wani maharbi mai suna Ma ya zauna kan dutsen da ke tsakiyar garin, har aka riƙa cewa dutsen Ma. Da kawu ya gama cinikinshi, ya ce, "Taho in kai ka ka ga ruwa, kai da kullum kana birni kana shan na leda."

'Yan kilomitoci ne kudu da gari. Ban shirya ma abin da na gani ba. Na zaci irin tafkunan da muka saba ne, waɗanda yaro zai jefa dutse ya tsallake. Sai ga ruwa ya miƙe har inda hazo ya haɗiye shi, ban ga gaɓar can ba. Iska na kaɗawa da sanyi, belbelu na bin gefen ruwa, masunta na dawowa cikin kwalekwale suna tuƙi a hankali. Wasu mata na bakin gaɓa da kwanoni suna jiran kifi. Wani dattijo na zaune yana ɗinkin komarshi, muka gaisa, na ce, "Baba, sannu da aiki. Ana samun baƙi kuwa masu zuwa kallo?" Ya ɗago ya dube ni ya ce, "Ɗana, da can akan zo, musamman da Sallah. Yanzu kam sai masu saran kifi, su ma ba su bari la'asar ta yi masu nan."

Muka sayi karfasa manya guda biyu, aka gasa mamu nan take, aka barbaɗa yaji da ƙuli, aka yanka albasa da tumatirin da aka tsinko a fadamar da ke kusa. Wata Bafulatana ta dama mamu fura. Na ci kifi a gidajen abinci na cikin birni, na biya kuɗin da ya sa na yi kwana biyu ina jiƙa gari, amma ban taɓa cin wanda ya kama ƙafar wannan ba. Dalilin ba wani asiri ba ne: kifin da safen nan yana cikin ruwa.

Ga waɗanda ba su sani ba, an kammala madatsar Zobe a 1983, a kan kogin Karaduwa. Bangon na ƙasa ne, tsawonshi mita 2,750, tsayinshi mita 19. Wato in ka taka daga wannan kai zuwa wancan ka dawo, ka yi fiye da kilomita biyar. Tana iya riƙe ruwa sama da kubik mita miliyan 170, kuma kowane kubik mita ɗaya duro biyar ne na lita 200. 'Yan sashen injiniya su yi mamu lissafin sauran. An tsara ta ne don noman rani na kimanin hekta 8,000 da kuma ruwan sha, amma ta yi shekaru da dama ruwan na kwance ba a ci moriyarshi yadda aka tsara ba. Sai a watan Yuli na 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin tura ruwan zuwa Katsina. Shekara 38 ke nan bayan kammala ginin. Duk da haka mutanen ƙauyukan da ke kewaye, irin su Garhi da Makera, ba su zauna jira ba. Da injin ban ruwa da kwalekwale suke cin abinci daga ruwan nan tun kafin a haifi yawancinmu.

To mu koma kan bidiyon abokina, don bayan dariyar na je na karanta tarihin garin. Queenstown ba a gina shi don shaƙatawa ba. Garin masu haƙar zinari ne, da aka gano zinari a yankin a 1862 mutane suka yi ca. Da zinarin ya ja baya, yawancinsu suka watse, garin ya koma ɗan ƙaramin wuri a bakin tafkin Wakatipu. Abin da ya rage masu shi ne ruwa da duwatsu, sai suka koyi sayar da su ga baƙi. Wannan faɗowa daga gada da muka gani, a 1988 wasu samari suka fara ta a matsayin sana'a, a kan wata tsohuwar gada ta kogin Kawarau mai tsayin mita 43. Tsohuwar gada da igiyar roba, shi ke nan jarinsu. Yau daga ko'ina a duniya ake zuwa a biya kuɗi a faɗo.

Ba ina cewa Dutsin-Ma za ta zama Queenstown ba. Ba mu da ƙanƙara, duwatsunmu ba su kai nasu ba, kuma ni dai ko an biya ni ba zan faɗo daga gada ba. Abin da na ɗauka daga labarin shi ne wurin shaƙatawa daga masu zuwa yake farawa. In mutane sun fara zuwa, mai gashin kifi zai ƙara tire, mai kwalekwale zai sa benci, wani zai kafa rumfa, wani zai kawo kekuna haya. Otal daga baya yake zuwa. Mu a nan mun saba da juya abin: mu jira gwamnati ta gina katafaren masauki tukuna. Kano ta gwada haka zamanin Gwamna Audu Baƙo, aka gina otal a bakin tafkin Bagauda wanda iyayenmu ke ba da labarinshi. Yau wurin harabar Makarantar Horar da Lauyoyi ce. Ginin ya samu amfani, amma masu yawon shaƙatawa sun rasa shi. Argungu kuwa, da aka fara bikin kamun kifinta a 1934 da gora da koma da masuntan gari, har UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016.

Yanzu ga babbar magana, wadda na san tana bakin kowa: tsaro. Ba zan yi maku ƙarya ba. Dutsin-Ma da Kurfi suna maƙwabtaka da Safana da Batsari, kuma duk mun san abin da ke fitowa daga dajin Rugu. A watan Satumba na 2021, ƙananan hukumomin nan biyu na cikin goma sha uku da aka katse ma layukan waya saboda 'yan bindiga. A Oktoba 2023 an shiga gidan haya a Dutsin-Ma aka sace ɗalibai mata biyar na jami'ar tarayya da ke garin. Akwai 'yan ajinmu da aka kora daga ƙauyukansu, akwai waɗanda iyayensu suka sayar da gona don biyan kuɗin fansa. Wanda ya ga wannan da idonshi, in ya ce ba za shi ba, ba ni da bakin ce mashi matsoraci. Uwar da ta hana ɗiyarta shiga motar ma tana da gaskiyarta.

Amma mu duba ɗaya gefen. Kowace Laraba motoci cike suke bin hanyar nan zuwa kasuwa. Dubban ɗalibai na karatu a jami'ar tarayya, wadda aka kafa a 2011, da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, duk a cikin garin. Malamai da ma'aikatan asibiti na zuwa aiki suna dawowa. Masunta na shiga ruwa da asuba. Su duka sun koyi yadda ake bin wurin: wane lokaci ake fita, wane lokaci ake komawa, wa ake tambaya kafin a kama hanya. Kuma ziyarar da muka saba yi zuwa Yankari ko Jos, ai ba ta sama muke bi ba. Awanni muke yi a kan titunan da su ma suna da nasu labarin, wani lokaci har dare ya same mu. Ban ga yadda tafiyar kilomita sittin da rana tsaka, a cikin mutanen da muka san harshensu da sarakunansu, ta fi wannan haɗari ba.

Akwai kuma abin da ya fi damuna. Duk wurin da mutanen kirki suka daina zuwa, an bar ma wasu shi. Dattijon nan mai koma bai yi mani ƙorafin 'yan bindiga ba, abin da ya faɗa shi ne baƙi sun ɗauke ƙafa. Kowane baƙon da ya fasa zuwa, cinikin mai fura ne ya ragu, da na ɗan acaɓa, da na yaron da ke wanke kifi. Saurayin da ya rasa abin yi a ƙauye kuwa, mun san masu zawarcinshi. Ba na cewa bas ɗaya ta ɗalibai za ta kawo zaman lafiya. Ina cewa ƙauracewar da muke yi tana da nata farashin, kuma talakan bakin ruwa ne ke biya.

Sharaɗina dai shi ne kada a yi ta da ka. Kafin a sa rana, shugabannin ƙungiya su nemi shawarar jami'an tsaro na yankin da 'yan sa-kai na gwamnatin jiha, su kai gaisuwa fadar Yandakan Katsina, hakimin Dutsin-Ma, da ta Maradin Katsina, hakimin Kurfi. Su rubuta ma Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima, wadda madatsar ke hannunta, su nemi izini. A tashi bayan gari ya waye sosai, a juyo kafin la'asar sakaliya, ba kwana. Kada a tallata ranar a Facebook da TikTok sai an dawo. In kuma masu wurin suka ce a dakata wannan makon, a dakata ba gardama. Kuɗin mota da aka tara ba su kai ran mutum ɗaya ba.

Magana ta biyu ita ce ta tarbiyya. Da na kawo zancen nan a majalisarmu ta bakin mai shayi, wani ustazu daga cikinmu ya ce, "Kai dai so kake a buɗe mashaya a bakin ruwa." Na fahimci inda ya dosa, don a bidiyon da muka kalla kwalba ta fi faranti yawa, kuma a garuruwanmu da yawa in an ce wurin shaƙatawa abin da ke zuwa zuciya ke nan. Amma me ya kai giya cikin tallar Queenstown? Yankinsu na noman inabi ne, abin da ƙasarsu ke fitarwa suke ba baƙo ya ɗanɗana. In mun bi wannan hikimar, abin da za mu ajiye gaban baƙo shi ne fura da nonon da aka tatso da safe, da kunun aya, da zoɓo mai citta da kanumfari, da tsamiya. Zoɓo a bakin Zobe, ko sunan kaɗai ya isa talla. Ga dambu, ga kwaɗon zogale, ga tarwaɗa a miya, ga rake. Babu abin da addininmu ko al'adarmu suka hana a nan. In mu muka fara zuwa, mu za mu kafa yadda ake zama a wurin: rumfar mata daban, wurin alwala da salla, ba kiɗan da zai dami mutanen ƙauye. In muka bari wasu suka riga mu, su za su kafa nasu.

Na uku shi ne ruwan kanshi, kuma a nan ba na wasa. Yawancinmu ba mu iya iyo ba, amma da mun ga kyamara sai kowa ya zama jarumi. Mu tuna Bagwai a jihar Kano, ƙarshen Nuwamba 2021, inda kwalekwale ya kife da mutane, galibinsu yara 'yan Islamiyya, saboda an yi mashi lodin da ya fi ƙarfinshi. Duk wanda zai shiga jirgi ya sa rigar kariya, in babu riga babu shiga. Sarkin ruwa ne zai faɗi mutum nawa jirgi ke ɗauka, ba shugaban ɗalibai ba. Wanka kuma a haƙura da shi, domin ruwan da ke kwance irin wannan yakan ɗauki ƙwayar tsargiya, wadda ke shiga ta fata, sai bayan makonni mutum ya ga jini a fitsari. 'Yan sashen kimiyyar gwaje-gwaje sun fi ni sanin wannan.

Ko ba a shiga ruwa ba, abin yi ba zai ƙare ba. A yi tseren gudu ko na keke a hanyar da ke bakin madatsar in an ba da izini. A hau dutse da safe kafin rana ta yi zafi. A sa gasar fatsa, wanda ya kama babba a gasa mashi kyauta. A roƙi masunta su yi tseren kwalekwale mu kuma mu sa kyauta, tunda su ne gwanaye. A buga ƙwallo da samarin ƙauye, a yi langa, in akwai masu ƙarfi a yi kokawa. Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu: ruwa na nan cike bayan damina, hanya ta bushe, zafi bai sauko ba.

Akwai kuma ribar da ta shafe mu mu 'yan kwalejin fasaha musamman. Kowace shekara muna wahalar neman batun firojet, har wasu su kwafo na shekarun baya su canza suna. Ga batutuwa can kwance a bakin ruwa. Mai karanta injiniyan gine-gine bai kamata ya gama ND bai taɓa tsayawa kan madatsar ƙasa ya ga mafitar ruwa da idonshi ba. Mai fasahar abinci ya duba yadda ake ƙyafe kifi, ya ƙera murhun da zai rage cin itace da hayaƙi. Mai karatun noma ya ga inda tumatir ke ruɓewa in kasuwa ta cika, ya yi tunanin busarwa. Mai harkar kasuwanci ya lissafa nawa za a kashe a kafa rumfa goma da kekuna ashirin na haya, kuma cikin wata nawa za su maida kuɗinsu. Mai koyon kula da baƙi da yawon buɗe ido kuwa, wallahi ban san uzurin da zai kawo ba. Muna ta kukan babu aikin gwamnati, alhali wata sana'ar na jiran wanda zai fara ganinta.

Ina roƙon shugabanninmu na ƙungiya, musamman masu kula da walwala da wasanni, su sa wannan a ajandar zamansu na gaba. Ba sai an fara da babbar tawaga ba. Bas ɗaya ta isa gwaji, da malami ɗaya ko biyu, da 'yan asalin yankin a gaba, don muna da su da yawa a cikinmu kuma sun san kowace kwana. A tsaya Kurfi a yi gaisuwa a sayi abin karyawa, kada a mai da garin wurin wucewa kawai. Kuma don Allah kada a ɗauko abinci daga birni a cikin kula. A je da yunwa da 'yan canji, a saya a hannun mutanen wurin, a biya ba tare da an yi masu cinikin wulaƙanci ba. In an tashi tafiya kowa ya kwashe ledarshi da robarshi, tunda ruwan nan wasu ke sha, wataƙila ma har da mu.

Abokin nan nawa mai bidiyo, da na nuna mashi hotunan da na ɗauko, ya daɗe yana kallon ɗaya da aka ga kwalekwale cikin hazo. Ya ce, "Wai nan Katsina ne?" Na ce nan ne. Ya ce in an shirya a sa sunanshi, amma sai ya tambayi Hajiyarshi tukuna. Na ce ya tambaya, in ta hana ya zauna, zan kawo mashi kifin. Ni dai na riga na yi ma Baba mai koma alkawarin zan dawo da baƙi, kuma ya ce in mun zo mu nemi ɗanshi, shi ya fi iya gashi.